Baba, game da hoton nan da bindigar da Sani yake so

Daga Craig, jihar Kolorado, Amurka

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da su Hajara. Yaya ƙafar taku? Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma da sauƙi.

Na tura dala 450 ta hannun Yaya Habu ranar Litinin. Dala 200 ta kwanon ɗakin Inna ce, 150 kuɗin makarantar Hajara, sauran maganinku. Don Allah a raba a gabanku. Sani kuma kada a ba shi ko kwabo, zan faɗi dalili.

Na ji abin da ake yaɗawa a gari kan hoton da na sa a Facebook ina riƙe da bindiga, wai na shiga soja, wasu ma wai na zama ɗan bindiga, har Inna ta kwana ba ta runtsa ba. Ku kwantar mata da hankali. Bindigar ba tawa ba ce, mai ita ne ya miƙo mini aka ɗauke mu. Aikina girki ne, da kula da dawakai, da ɗauko nama daga dutse idan baƙin maigidana masu zuwa farauta sun yi sa'a. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ake yi, sai a rufe.

Amma Baba, da kun ga dabbar nan da kun yi sha'awa. Elk suke ce mata. Ku ɗauki gwanki ku ƙara masa jiki, namijin yakan kai kilo 300, ƙahonsa da rassa kamar busasshen itace, kuma duk shekara sai ya zubar ya sake wani. Daji a nan ba irin namu ba ne da za ku bi sawu har ku ji numfashin nama. Kana kan wannan dutse, shi yana kan wancan, kwari a tsakani. Shi ya sa da dare maharban ba su da hira sai ta harsashi.

Na saurara har na iya. Maigidana ya ce harsashi iri biyu ne ke ba mutum kunya. Akwai mai laushi da ke tarwatsewa da zarar ya sami allon kafaɗa, ya bar ciwo a waje bai kai huhu ba. Akwai kuma mai tauri na jan ƙarfe zalla, wanda ke ratsa ƙashi sarai, amma idan nisa ya yi yawa gudunsa ya ragu, bakinsa ba ya buɗewa, sai ya wuce kamar tsinke. Shi wanda yake so ana kiransa Nosler Partition: gaba dalma ce mai buɗewa, baya kuma a killace take, ita ke ci gaba da kutsawa. Ya ce mutumin da ya ƙirƙiro shi haushi ne ya sa shi, a 1946 ya harbi wata babbar dabba a Kanada harsashi ya ƙi shiga. Har hukuma ta sa baki, akwai ƙaramin harsashin da ba a yarda a harbi elk da shi ba.

Wurin da ake nema kuwa shi ne wanda kuka nuna mini ina yaro a jikin barewa: bayan ƙafar gaba, a hau sama kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙirji, a fasa huhu biyu. Faɗin wurin bai wuce faifan Inna da yawa ba. To ku lissafa, a yadi 500 harsashin babbar bindiga yana faɗuwa kusan kamu biyu, iska 'yar kaɗan kuma ta ture shi kusan kamu guda. Suna da na'urar auna nisa, amma iskar da ke tsakiyar kwari babu mai auna ta.

Makon jiya wani baƙo ya zo da bindiga mai tsada, yana ta cika baki. Ya hango namiji a yadi 600, maigidana ya ce mu matsa, ya ce shi a filin gwaji yana samun abin da ya fi haka. Ya harba. Na ga dabbar ta ƙanƙame bayanta, ta taka a hankali ta shige itatuwa. Da muka isa, jinin baƙi-baƙi ne haɗe da ciyawa, ko ba a faɗa ba kun san tumbi ya samu. Kwana biyu muna bin sawu cikin dusar ƙanƙara, takalmina ya jiƙe, yatsuna ba na jin su. Da muka same ta nama ya fara wari. Wallahi Baba ranar ban iya cin abinci ba. Na tuna ranar da kuka mari Yaya Habu don ya harbi gada ta gudu da kibiya.

Kwana uku bayan haka wani tsoho ya zo da tsohuwar bindigarsa .30-06. Ya ja ciki har ya rage yadi 200 tsakaninsa da wata elk, ya jira kusan rabin awa sai da ta ba shi gefe. Harbi ɗaya. Ba ta yi taku 40 ba.

Ni na ɗauko cinyar a baya, doki ba ya hawa wurin. Ba nauyi sosai. Bayan ma ya daina ciwo.

Ku gaya wa Kawu ba a sayar da naman, doka ta hana, haka ma barin sa a daji laifi ne. Don haka babu wani kuɗin nama da nake ɓoyewa, albashi ne da ɗan abin da baƙi suka bayar. Ya yi haƙuri zuwa Janairu.

Yanzu maganar Sani. Ya turo mini saƙo har uku wai in saya masa harba-ka-ruga, tunda ni ma na zama maharbi. Ban zama ba, ko sau ɗaya ban taɓa harbi ba. Mutanen nan da lasisi suke fita, da riga ruwan lemo don kada a harbi juna, kuma duk da haka kun ji abin da ya faru. Shi da bai san bayan kafaɗa ba, ga dajin namu yadda ya koma, wa zai gan shi da bindiga ya tsaya tambaya? Ku yi masa faɗa da kanku, ni ba ya jin tawa. Idan sana'a yake so, ya koma wurin walda, ni zan biya.

Na san shekara huɗu ke nan, kuma na yi alkawarin Sallar da ta wuce ban zo ba. Ku yafe mini. Wani lokaci da asuba idan na hura wuta sai in ji kamar zan ji tarinku a zaure.

A tabbata kwanon ya hau kafin damina, kuma Yaya Habu ya turo mini hoton rasit ɗin makaranta. Kuɗin kada su bi ta hannun Sani. A gaishe da Inna, a ce mata ina sa rigar sanyin.

Ɗanku,
Lawal