Wasiƙa zuwa ga aminina game da hannun jarinsa da ya faɗi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Nan hunturu ya shigo da ƙurarsa, yara duk mura, amma da sauƙi.

Saƙonka ya iso, na kuma ji ɓacin ranka. Kamfanin fasahar da ka zuba kuɗin guminka a ciki ya sanar da riba mai tsoka, washegari kuma farashin hannun jarinsa ya zube, har kana zargin ko cuta ce. Abin ya dame ni, don na san shekara nawa ka yi kana tara kuɗin nan.

Ka tuna Dawanau. Da an ji raɗe-raɗin fari, farashin gero ya tashi tun buhu ɗaya bai ragu a rumbu ba. Haka kasuwar hannun jari take, gobe ake saye da sayarwa. Gobe kuwa daga bakin shugabannin kamfani ake jin labarinta. Shi ya sa manyan kamfanoni suke da ofishi na musamman na hulɗa da masu zuba jari, wanda ke shirya rahoton kowane wata uku, ya kuma auna kowace kalma da shugaba zai furta idan masu nazarin kasuwa suka yi masa tambayoyi.

Dubi Meta, mai Facebook. A watan Fabrairun 2022 sun bayyana ribar sama da dala biliyan 10 ta wata uku kacal. Amma a rahoton nan suka amsa cewa masu shiga Facebook kullum sun ragu, karo na farko a tarihinsa, hasashensu na watanni masu zuwa kuma bai gamsar da kowa ba. A yini ɗaya farashin ya faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari, darajar sama da dala biliyan 230 ta salwanta. Shekara ta zagayo, ribar ta ragu da fiye da rabi, sai shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya ce 2023 shekarar tsuke bakin aljihu ce, za su rage kashe kuɗi, su kuma sayi hannun jarinsu na dala biliyan 40. Farashin ya haura da sama da kashi 20. Wallahi ranar da na fara lura da wannan na daɗe ina juya shi a raina.

Akwai kuma ɗaya gefen. A watan Agustan 2018 Elon Musk ya rubuta a Twitter cewa yana tunanin fitar da Tesla, kamfanin motocin da yake shugabanta, daga kasuwar hannun jari a kan dala 420 kowane hannun jari, kuma kuɗin sun samu. Farashi ya yi tsalle nan take. Magana zarar bunu ce: hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta kai ƙara, shi da kamfanin kowa ya biya tarar dala miliyan 20, ya kuma sauka daga kujerar shugaban hukumar gudanarwar kamfanin. Ni dai a ganina hukuncin ya dace, domin akwai ƙananan mutane irinmu da suka saya saboda wannan rubutu.

Don Allah kada ka yi gaggawar sayarwa. Shiga shafin kamfanin, ka nemi sashen masu zuba jari, ka karanta abin da suka faɗa kan watanni masu zuwa, musamman tambayoyin da shugaban ya yi ta kewaye-kewaye bai amsa ba. Idan dalilin faɗuwar na wucin gadi ne, za ka gane. Idan kuma kasuwancin ne ke tangal-tangal, gara ka sani da wuri. Turo min sunan kamfanin mu karanta tare ranar Asabar bayan la'asar.

Ka gaida Mama da kyau, ka ce ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda.

Naka amini.