Amsa Ga Mai Tambaya Kan Gidan Tsofaffi A Gombe

Assalamu alaikum ɗana,

Ranar da aka gayyace ni shirin lafiya a rediyo, ka bugo waya daga Pantami kana tambaya: tunda na tsufa a aikin jinya, shin ina goyon bayan a gina gidan tsofaffi a Gombe, ko kuwa ɗabi'ar Turawa ce da za ta koya wa yara yar da iyayensu? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Mai 'ya'ya da rai da lafiya, ban yarda a kwashe shi a kai wani gida ba. Addinin da ya hana a ce wa iyaye ko "uf" ba zai yarda da haka ba, a nan bakinmu ɗaya.

Sai dai tambayarka ta tsallake mutum guda, wato mai jinyar. Ɗa yana Abuja ko Legas yana turo kuɗi, ana sa masa albarka, alhali wadda ke kwana zaune matarsa ce ko ƙanwarsa. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye sai an riƙa juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo ya buɗe masa a ƙugu da diddige. Kunu ma sai an tayar da shi zaune ake ba shi, don in ya ƙware abincin na iya gangarawa huhu. Wa ya taɓa koya wa surukar nan haka? Ga mai gigin tsufa, ta fita tsakar dare, ta rantse an sace mata kuɗi, har wasu marasa tsoron Allah su ce mayya ce. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba, kuma mai kula da ita in ba a karɓe ta tana hutawa ba, ita ma sai ta kwanta.

Don haka ni abin da nake roƙo ya fi gini sauƙi. Jiharmu mazaɓu 114 gare ta. A ware ma'aikatan lafiya daga asibitin kowace mazaɓa su riƙa bin gidajen da ke da tsoho a kwance, su auna hawan jini da suga, su wanke gyambo, su koya wa mutanen gida juyi da ciyarwa. Masu ɗan ƙarfi kuma a samar musu wurin wuni a unguwa, su yi hira da tsararsu, a duba su, la'asar a mayar da kowa ɗakinsa. Japan ta kafa inshorar kula da tsofaffi a 2000, mutum na fara biya daga shekara 40, kuma cikin abin da kuɗin ke ɗauka har da zuwa gida da wurin wuni. Mu ma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Ofis dai yana Abuja. Tsohuwar da ke unguwar Bolari kuwa mai taya ta tashi take nema.

Akwai kuma waɗanda ba ka ambata ba: wadda ba ta taɓa haihuwa ba, wanda ya binne 'ya'yansa duka, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe su kaɗai. Su kam gidan kwana ya zama dole, ƙarami, cikin unguwa kusa da masallaci ko coci, ba bayan gari ba. An ruwaito Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya sa aka yanka masa abin rayuwa daga baitulmali. Zakka da waƙafin attajiranmu za su iya riƙe irin wannan gida.

In da tsoho a gidanku, ka karɓi jinyar kwana ɗaya a mako tun daga wannan Juma'ar, mai yi ta samu barci.

Wassalam,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Gombe