Ba sai da kwamfuta ake buga riga ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na sana'o'i, inda baƙonku ya ce duk matashin da ke son buga rubutu a kan riguna sai ya fara tanadin kwamfuta da injin yanka. Ina ganin girmansa, amma a nan ban bi shi ba. Yaron Aboabo ko Asawase, unguwanninmu na nan Kumasi, da ya ji wannan lissafi zai cire rai tun bai taɓa ba, alhali yawancin aikin da ake kawo mana a zango reza da haƙuri sun ishe shi: rigunan ƙungiyar ƙwallo, na makaranta ranar saukar karatu, na Maulidi, da na maƙwabtanmu Asante idan za su yi jana'iza.

Kayan ba su da yawa. Kafinta ya haɗa maka katako mai kusurwa huɗu, ka ɗame masa yadi mai ƙananan ramuka har ya yi tauri kamar fatar ganga. Wanda bai samu na ainihi ba, yadin labule shara-shara zai yi masa koyo. Sai roba mai miƙaƙƙen baki ta jan fenti, da salatif, da kwalin da za a cusa cikin rigar don kada fentin ya ratsa zuwa baya. Zanen kuwa a takarda mai ƙwari ake yanka shi, ko a tsohon fim ɗin hoton ƙashi, wanda ake wankewa a sake amfani da shi.

A wurin yankan ake gane mai hannu. Harafi irin O ko A ko B yana da ciki, kana zagaye shi da reza cikin ya faɗo, sai ka buga dunƙulen baƙi. Don haka ake barin 'yar gada siririya da za ta riƙe shi. Rubutun Larabci, wanda makarantunmu suka fi nema, ya fi son natsuwa. Wawu da fa da ƙaf da mim duk suna da ido, kowanne sai an bar masa gada, ɗigon kuma kada a yanka shi dab da jikin harafi, don takardar da ke tsakani za ta yage, nun ya rikiɗe ya koma wani abu. Gara a faɗaɗa rubutun, a rage ƙawa. Ni dai ba na karɓar aikin buga aya a riga, domin da ita yaro zai shiga bayi, da ita zai yi birgima a ƙasa. Sunan makaranta da shekara sun wadatar.

In an gama yanka, a shimfiɗa takardar a kan rigar yadda ake karanta ta, a ɗora katakon, a zuba fenti a sama, a karkata robar a ja sau ɗaya da ƙarfi. Jan farko shi zai manne takardar a jikin yadin. Kowane launi da tasa takardar, shi ya sa nake ce wa mai koyo ya tsaya a launi ɗaya tukuna.

Akwai abin da baƙon bai taɓo ba, kuma shi ke ɓata sunan masu aikin gida. Fenti iri biyu ne. Na ruwa, idan ya bushe aka ɗora ƙyalle aka bi shi da dutsen guga, ya zauna, sai dai yana saurin toshe ramukan yadin, musamman da hunturu, don haka ana gamawa a wanke. Na biyun kuwa, mai suna plastisol, ba ya bushewa da iska ko kaɗan, sai ya sha zafin da ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Celsius. Mai aiki a ɗaki da ya saye shi cikin rashin sani, wankin farko rubutun zai bi ruwa, mai riga ya dawo da faɗa.

Gaskiyar baƙonku ɗaya ce: hoton fuskar mutum, irin na rigunan 'yan takara a zaɓen 2024, da ƙananan rubutu, reza ba ta iya su. Amma wannan mataki ne na gaba, kuma ribar aikin hannu ce za ta kai mutum can. Ga garin Ntonso nan kusa da mu, inda har yau ake sassaƙa alamomin gargajiya na Asante, wato adinkra, a jikin ƙwarya ana buga zane da su, baƙi kuma na zuwa daga nesa suna saye.

Roƙona shi ne ku gayyato ɗaya daga cikin tsofaffin masu rubuta allunan shaguna na Kejetia ko Alabar a nan cikin gari, ya yi bayanin yankan da bakinsa, ku kuma ɗauki hannunsa a bidiyo ku sa a Facebook ɗinku. A sa shirin da yamma, lokacin da yaran sun taso daga makaranta.

Naku mai sauraro,
wani mai buga riguna,
Aboabo, Kumasi