Wasannin harbi na da ba wasan malalata ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, maganar da mai gabatar da shirinku na fasahar zamani ya yi ranar Asabar ce ta sa na rubuto, don har yau tana ci mini rai. Wai wasannin harbi na da, irin waɗanda wasan ne ke jan ka bisa hanya guda kai naka saiti da harbi, na malalata ne, wai zamaninsu ya wuce, mai kwamfuta ta yanzu kada ya ɓata lokacinsa a kansu. Yana faɗa yana dariya, baƙon da ya gayyato yana taya shi. Ni ban ga abin dariya ba. Raini na ji, kuma rainin mutumin da bai taɓa zama ya buga ko ɗaya daga cikinsu har ƙarshe ba.

A tambaye shi ko ya san Virtua Cop 2. Kamfanin Sega ya fitar da shi a 1995, ya iso kwamfuta a 1997, kuma da shi da yawanmu muka koyi riƙe linzami a shagunan kwamfuta tun ba mu san me ake yi da na'urar ba. Harsashi shida ne a bindigarka. Ɗan ta'adda zai leƙo daga bayan mota, da'ira ta kewaye shi tana kore, ta koma rawaya, in ta yi ja ka sha harsashi. Kana cikin wannan sai wani bawan Allah da ba ruwansa ya faɗo tsakiya hannu sama, in ka harbe shi a zare maka rai guda. In kuwa ka nutsu ka harbi hannun da ke riƙe da bindiga, maki na musamman ake ba ka. Ga lissafin harsashi, ga zaɓen wanda za ka fara kayarwa, ga kame hannu daga marar laifi, duk cikin ƙiftawar ido. Ina lalacin yake a nan? An ɗauke maka wahalar tafiya ne don dukkan hankalinka ya taru kan ido da hannu, kuma wannan ya fi yawo cikin daji babu dalili wuya.

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasannin da mai shirin ya jero a matsayin waɗanda suka dace da zamani. Duk manya ne, masu cin wuri, masu neman katin hoto mai tsada. Wa yake yi wa magana? Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini shago 'yan gwanjo ne, fanka na kuka, batir ba ya riƙe caji. Yaro zai ƙarar da datarsa wajen sauke ƙaton wasa, ya buɗe, hoto ya riƙa tsalle yana maƙalewa, ya dawo mini da fuska a ɗaure yana cewa Malam injina ya lalace. Injinsa lafiya lau, kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfinsa. Tsofaffin nan kuwa ba sa neman komai. Wani sai dai ka shiga saitin Windows ka ce ta karɓe shi a matsayin tsohon shiri, shi ke nan ya tashi. Kuma gajeru ne, kana iya gama zagaye guda kafin a ɗauke wuta.

Ya kuma ce wai ba a samun su yanzu. Wannan ma ba haka ba ne. Panzer Dragoon, wanda ya fito kan na'urar gem ta Sega Saturn a 1995, an sake gina shi a 2020 kuma yana nan a Steam da GOG, shagunan sayar da gem na intanet. Kana bisa wani dodo mai fukafukai, abokan gaba na zuwa ta gaba, ta baya, ta hagu da dama, sai ka riƙa juya kallonka kana duba 'yar taswirar da ke kusurwar allo. The House of the Dead na 1996 shi ma an sake shi a 2022. A ganina sabon bai kai tsohon kaifin saiti ba, amma yana nan ga mai so. Star Wars: Rebel Assault na 1993 da na biyunsa suna GOG. Hatta Space Harrier na 1985, aikin Yu Suzuki, wanda kusan shi ne kakansu duka, ana buga shi cikakke a gidan gem ɗin da ke cikin wasan Yakuza 0.

Sai Rez. Wallahi da mai shirin ya ba wannan wasa rabin sa'a da bai furta abin da ya furta ba. Tetsuya Mizuguchi da mutanensa suka yi shi a 2001, kuma Rez Infinite ya zo kwamfuta a 2017. Kana danne maɓalli kana shafa alamar saiti kan abokan gaba, har takwas a lokaci guda, sai ka saki. Kowane harbi sauti ne da ke faɗawa daidai kan kiɗan, kuma kana ƙara nisa kiɗan na ƙara cika, har ka rasa ko kai ke bin kiɗa ko kiɗa ke bin ka. Na taɓa sa wa wani maƙwabcina abin ji a kunne na kunna masa, mutumin da ko kusa ba ya harkar gem. Na ga kafaɗarsa ta fara motsi da kanta, yatsansa ya daina gaggawa ya koma jiran bugun ganga kafin ya saki. Da ya cire abin kunnen bai ce komai ba sai: sake mayar da ni farko. Wannan aiki ba zai yiwu ba in an sake ka kana yawo inda ka ga dama, domin sai mai wasan ya san daidai inda kake a kowace daƙiƙa kafin ya iya ɗinke hoto da sauti haka. Hanya gudar da mai shirin ya raina ita ce ginshiƙin fasahar.

Da ma ya yi wa masu sauraro bayanin da zai amfane su. Mutane na kawo mini tsohuwar bindigar roba ta wasa suna cewa ta mutu. Ba ta mutu ba. Da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya take aiki, wadda ke zana hoto layi bayan layi, bindigar tana lura da lokacin da hasken ya ratsa inda ka saita. Allon yanzu mai faɗi ba haka yake nuna hoto ba, shi ya sa take makancewa. Akwai sababbi irin Sinden masu kyamara a ciki, da ke bin farin layin da ake zagaye allo da shi, amma ga talaka linzami ya wadatar. Akwai kuma The Typing of the Dead, inda kibod ne bindigarka, ka buga kalmar da ke jikin dodo da sauri ko ya cim maka. Na san masu aikin buga takardu da hannunsu ya faɗa ta wannan hanyar. Sai dai ina jan kunnen iyaye, wanda ke Steam mai suna Overkill na 2013 cike yake da ashar, bai dace da yara ba. Irin wannan gargaɗin muke jira daga shirinku, ba ba'a ba.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Don Allah ku duba yawan tallan maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shirin. Shiri na rabin sa'a, sai talla ta cinye kusan rabinsa, ana tsakiyar bayani a katse, a dawo an manta inda aka tsaya. Kuma tun da kuka matsar da shi kusa da Magariba, ƙarshensa ba ya samunmu, muna masallaci.

Ina roƙon ku karanta wasiƙar nan a shiri na gaba yadda na rubuto ta, kada a yanke. Shi kuma mai gabatarwa a ajiye masa kwamfuta a ɗakin shirin, a kunna masa Virtua Cop 2, ya buga matakin farko muna saurare, sannan ya maimaita mana ko wasan malalata ne.

Naku mai saurare,
Wani mai gyaran kwamfuta daga Zariya