Wasiƙa daga Aboabo zuwa ga aminina

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Yaya iyali, yaya sanyin Jamus? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Maganar 'yarka Hafsatu ce ta sa na rubuto. Shekarunta 12, amma ashe ta buɗe TikTok a wayar uwarta, ta ƙara wa kanta shekaru, tunda ba sa karɓar wanda bai kai 13 ba. Ta ɗauki bidiyo a ƙofar gida da kayan makaranta, bajo a ƙirji, sunan makarantar raɗau. A bayanta kuma ga farantin adireshin GhanaPostGPS da aka liƙa mana a bango. Kwana biyu sai ga saƙon wani: wai ya san makarantarsu, ta turo lambar uwarta ya saka mata kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Allah ya taimaka ba ta amsa ba.

Har na ɗauko bulala, uwarta ta ce, “Malam, duba wayarka tukuna.” Ni ne fa na saka takardar sakamakonta a WhatsApp, da cikakken suna da aji, ina jiran a ce mini masha Allah! Jikina ya yi sanyi, na mayar da bulalar.

Bayan isha'i na zaunar da ita da ƙannenta. Na tambaye su, in baƙo ya tare ku a kasuwar Kejetia ya ce ina gidanku, za ku faɗa? Suka ce a'a. Na ce to, mutumin cikin waya ma baƙon Kejetia ne. Muka goge bidiyon tare, na goge nawa a gabansu.

Na kai maganar taron iyaye da malamai. Ana koya musu kwamfuta, amma abin da yaro zai ɓoye ba ya cikin darasin, kuma malamin ajinsu ma makin kowa yake zubawa a zauren WhatsApp na iyaye. Na tuna musu Gana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma akwai lambar 292 ta kai ƙarar masu irin wannan saƙo. Shugaban makarantar ya ce za a duba. Ka san “za a duba” ɗinmu.

Ku can yaya kuke yi da su Abba? Ka rubuto mini. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yau tana jiran man zafin da ka yi mata alkawari.

Naka,
Garba