Zuwa ga Shugaban Kamfanin da Ya Ɗauko Mana Jirgi Daga Ilorin

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na kawo wannan magana fili ne saboda abin da manajanku na Kaduna ya faɗa mini ranar 21 ga Maris da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Na tambaye shi wa zai biya gyaran jirgin saman da kuka lalata, sai ya ce: "Alhaji, ai gwangwani ne. Kai shi Panteka a buga maka, za mu taimaka da dubu ɗari da hamsin." Ina jin dariyar wasu a bayansa. Tun daga ranar ba a sake ɗaga wayata ba.

Jirgin Cessna 172 ne mai kujera huɗu, mu uku muka haɗa kuɗi muka saya. Ya daɗe a ajiye a Ilorin, takardar shaidar lafiyarsa ta ƙare, don haka doka ba ta yarda ya tashi ba sai an gyara shi hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta duba. Shi ya sa muka nemi a kawo shi Kaduna ta mota. Injiniyanmu ya yi nasa aikin: ya tsiyaye man da ke tankunan cikin fikafikan, ya kwance fikafikan biyu tunda faɗinsu a haɗe mita 11 ne, ya cire na wutsiya, ya sa kafinta ya yi musu mazauni na katako da soso. Naku kawai ɗauka da saukewa. Kun caje mu naira miliyan 3 da dubu 400, muka biya miliyan 2 da rabi ranar 4 ga Maris, ban da dubu 280 da kuka ce na inshorar kaya ne. Rasit biyu suna hannuna. A takardar da muka sa hannu an rubuta cewa jirgin shi kaɗai za a ɗora, a rufe shi da tamfol, ba tafiyar dare.

Motar da ta ɗauki kayan a Ilorin ba ita ta iso Kaduna ba. Kwanakin da ke tsakani kuwa kullum labari daban: yau taya ta fashe kafin Jebba, gobe direba na zazzaɓi, jibi babu sabis. Daga bakin yaron motar na ji cewa an juye kayan a Mokwa zuwa wata tirela da ke da sauran fili, aka cike gefen da buhunan masara. Na ga ɓurɓushin masarar da idona a cikin mazaunin fiffiken.

Abin da muka tarar shi ne an ɗaure gangar jikin jirgin da sarƙa kamar an ɗauko janareto. Fatar wannan jirgi alminiyam ce da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, sarƙar ta lotsa ta a bayan ƙofa har ƙusoshin ribit suka ɗago. An kwantar da fiffiken hagu a ƙasa an ɗora masa kaya, gabansa ya loɓa. Farfelar kuma bakinta ɗaya ya lanƙwashe, a wajen juye kayan ne ko a hanya, Allah masani.

A nan nake so ka tsaya ka fahimce ni, ranka ya daɗe, domin manajanka ya ƙi saurara. Kamfanin Lycoming da ya ƙera injin ya shimfiɗa ƙa'ida: duk abin da ya sami farfela har ta buƙaci gyara na gaske, ko injin yana aiki ko a kashe yake, sai an buɗe injin an binciki cikinsa. Fiffiken ma sai an duba ƙashin da ke riƙe da shi daga ciki. Kayan gyara daga Amurka ake odarsu, da dala. Duk wanda ya taɓa jirgin sai ya kasance mai lasisi, ya sa hannu a littafi. Masu sana'ar Panteka gwanaye ne, ina girmama su, amma ko su ba za su karɓi aikin da mutum zai hau ya yi sama da iyalinsa ba.

Mafi ciwo shi ne akwatin littattafan jirgin, inda aka rubuta awannin da ya yi a sama da kowane gyara tun fitowarsa daga masana'anta. An ba direbanku na farko shi hannu da hannu, ya sa a gaban mota. Har yau ba a kawo ba, an ce direban "ya wuce Legas". Jirgin da ba shi da waɗannan littattafai darajarsa ta faɗi warwas, kuma samun izinin tashinsa ya zama wahala.

Abin da nake nema: a dawo mana da akwatin nan cikin mako ɗaya, a biya kuɗin binciken injin da gyaran fiffike bisa lissafin injiniya mai lasisi, a ba ni lambar takardar inshorar da sunan kamfanin da ya ba da ita. Na roƙi wannan lamba har na gaji da roƙo, abin da ya sa na fara zargin babu wata inshora, a aljihu aka sa kuɗin. Ina kuma zargin motocin da kuke tallatawa a Facebook ba naku ba ne, dillanci kuke yi: ku karɓi kuɗin mutum, ku cire kamasho, ku miƙa kayansa ga duk direban da ya fi araha a gareji. In ƙarya nake muku, ku nuna takardun mota ɗaya da sunan kamfaninku. Mutum nawa kuka yi wa haka da injin niƙa ko kayan asibiti suka haƙura saboda ba su da bakin magana?

In mako ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, maganar inshorar kuma ta tafi hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora, tare da rasit da hotuna da saƙonnin manajanku. Ragowar dubu 900 da kuke bi kuwa, kada wanda ya sake turo mini saƙo a kansu.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin masu jirgin, Kaduna