Don Allah ku ba mu labarin William Henry Lewis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinku na wasanni, kuma roƙo ne ya kawo ni yau. Kowane mako gasar Firimiya da cinikin 'yan wasa ne ke cinye filin. Ba na ƙin wannan, amma ku ware ko da minti goma ne ku ba matasanmu labarin William Henry Lewis.

An haife shi a 1868 a jihar Virginia ta Amurka, shekara uku kacal bayan soke bauta a ƙasar, iyayensa kuwa 'yantattun bayi ne. A Kwalejin Amherst ya yi suna a ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, ba tamaular da muka saba ba. Abokan wasansa, waɗanda kusan dukkansu farar fata ne, suka zaɓe shi kyaftin na kakar wasan 1891. Daga nan ya wuce Jami'ar Harvard karatun lauya, ya buga mata wasa a 1892 da 1893. Ɗan tsakiya ne, shi ke tura ƙwallo baya a fara wasa, sai ƙattai su afko masa. A wancan zamanin kai ba hula ake shiga fili, 'yan wasa suma suke tarawa don ta rage musu zafin karo. A shekarun biyu duka an sa shi cikin jerin gwanayen 'yan wasan kwalejojin Amurka, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya shiga jerin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai faru a fili ba. A 1893, yana ganiyar tashensa, ya shiga shagon aski a garin Cambridge, inda Harvard take, mai askin ya ƙi taɓa kansa saboda launin fatarsa. Mutumin da dubbai ke yi wa tafi ranar wasa, ga shi an hana shi kujerar aski. Bai ɗaga hannu ba, ko da yake ƙarfin yana nan. Shi da lauya Butler Wilson suka nufi majalisar dokokin jihar Massachusetts, har aka faɗaɗa dokar hana wariya ta haɗa da shagunan aski. Wallahi tun da na san wannan labari, duk sanda mai askin unguwarmu ya yafa mini ƙyalle a wuya sai Lewis ya faɗo mini.

Ya horar da 'yan wasan Harvard daga 1895 zuwa 1906, ya fi ƙwarewa a dabarun tsaron gida, kuma bai ajiye aikin lauya ba. Shugaba Theodore Roosevelt ya ba shi muƙamin mataimakin lauyan gwamnatin tarayya a Boston a 1903, sannan a 1911, zamanin Shugaba Taft, ya zama mataimakin antoni janar na Amurka. Duk da haka a 1912 sai da aka yi yunƙurin fitar da shi daga ƙungiyar lauyoyin ƙasar don shi baƙi ne. Ya ƙi ajiye wakilcinsa, antoni janar George Wickersham kuma ya tsaya masa.

Ina da ɗa da ke dawowa gida da magariba, ƙafa duk ƙura, yana ce mini ƙwallo ce za ta fisshe shi, boko ɓata lokaci ne. In na yi magana sai ya ga tsufa ne ke damuna, amma abin da ya ji daga bakinku yana riƙewa. Shi ya sa nake so ya ji labarin wannan bawan Allah a shirinku. Lewis ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1949, ba a kuma sa sunansa a zauren karrama gwarazan ƙwallon kwaleji ba sai 2009, bayan shekara 60.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Mai sauraro daga Zariya